Ta Bakwai a Akwatin Kawu Labaran

Kawu Labaran ya bar mana bashi kaɗan,
da rediyo marar eriya,
da akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa a Aboabo.
Cikin akwatin, wuƙaƙe bakwai.

Kiris yake kiransu.
Shekara goma sha tara yana wanke tukwane a jirgin ruwa
tsakanin Tema da Pinang.
Abokansa na sayen agogo,
shi yana cinikin ƙarfe mai tafiyar maciji.
"Ƙirga lanƙwasar," yakan ce da ni,
"biyar, bakwai, tara. Kullum mara ce, ba ta yin cika."

Shida kubensu na zamani ne,
furanni tun daga baki har gindi,
babu wurin da ido zai zauna ya huta,
ganye kamar ganye kamar ganye,
inji ba ya gajiya, ba ya mantuwa.
Ta bakwai kubenta ba ado.
Baki kawai, mai siffar kwalekwale,
da jijiyar itacen tana kwance kamar ruwa bayan jirgi ya wuce.
Wannan ɗin gara ta zaɓa.
Gara ma ta san abu mai kyau.

Na naɗe ta a tsohon zane, na hau mota a Kejetia
zuwa Ahwiaa, inda ƙasa kanta ɓawon itace ce.
Yaw Ntim ya ɗauki hotonta da waya:
"Kwana uku. Zan sa maka zaki, zan sa maka tauraro,
zai yi ƙyalli har ka gyara hularka a ciki."
Ubansa bai ce komai ba.
Ya ajiye gizago, ya sunsuna ruɓaɓɓen itacen,
ya auna ƙarfen da tsawon hannunsa,
sannan ya ce da Hausarsa ta kasuwa:
"Kube riga ce ta mutum ɗaya.
Wanda ya shiga kowa, buhu ne."

Ya sa farce ya raba tsohon kuben biyu.
A ciki, inda hasken rana bai taɓa zuwa ba,
ga rubutu da tawada, layi ɗaya.
Baƙaƙen da Malam Tahiru ya dasa mini da bulala:
ga mim, ga sin, ga wata fa mai ɗigo uku
wadda ban taɓa gamuwa da ita a allo ba.
Na karanta da ƙarfi. Bakina ya iya, kaina bai iya ba.
Suna ne? Addu'a ce? Ko kuɗin aikin da ba a biya ba?

Wata biyu ina zarya.
Tsoho na cewa itacen bai gama shan iska ba.
Ranar da ya miƙo mini, ba fure, ba zaki.
Wuƙar ta shiga da ɗan sauti,
irin gyaran muryar Kawu in ya dawo daga masallaci.

Na ce, "Agya, ka rubuta wani abu a ciki?"
Ya ci gaba da wasa gizagonsa.
"Ka tambayi gara," in ji shi, "bayan shekara ɗari."

Yaw kuwa yana gefe, ya kife wayarsa a kan benci,
yana bin bakin kwalekwalen da babban yatsa,
a hankali, ya je ya dawo, ya je ya dawo.