Tsakanin Shafi Biyu

Tsahiru ya zo rumfata da takardu goma sha huɗu,
hoton hoto, baƙi ya cinye fari,
a naɗe cikin ledar burodi.
Ya ce, "Kafinta, sassaƙa mini takobi biyu,
tsawonsu daga ƙasa zuwa hammata,
kada su yi kaifi."
Shekara talatin ina haɗa kujera da ƙyaure,
ba wanda ya taɓa biyana don in dakushe abu.

A takardun, waɗansu Turawa ne na zamanin da,
sun shekara ɗari biyar a kabari,
wando matsattse, takalmi mai tsini kamar bakin zalɓe,
sun ɗaga ƙarfe bisa kai da hannu biyu.
Rubutun da ke ƙarƙashi, in ji shi,
ko jikokinsu sai da ƙamus.

Na yi masa da maɗaci. Jaka huɗu. Ya ba da uku.

Bayan la'asar, in ya sallami 'yan lakwal,
sai su gangara gulbi, shi da Ila mai gyaran babur,
inda ruwa ya janye ya bar rairayi.
Takarda a ƙasa, dutse a kanta.
Shafi na shida: mutum a tsaye.
Shafi na bakwai: mutum a kwance.
Abin da ya faru tsakani, mai zanen bai faɗa ba,
ya tafi da abinsa lahira.
Wata biyu suna neman wannan tsakanin.
Ila ya yi ƙulu a goshi, Tsahiru ya rasa farce,
masu ban ruwan tumatir na dariya har da riƙe ciki.

Ran wata Laraba tsoho Mantau ya biyo da jakinsa,
wanda sau uku ya shiga filin kokowa neman takobin ƙasa,
sau uku ya dawo Maradi da rairayi a gadon baya.
Ya tsuguna, ya kai takardar kusa da idonsa mai gani.
Ya daɗe.
"Wannan ai ba faɗan ƙarfe ba ne.
Dubi ƙafarsa ta hagu, ta shiga gidan mutum.
Takobin ruɗi ne, ƙugu ke aikin."
Ya yafito Ila.
Ban ga lokacin ba. Na dai ji tim,
sai ga shafi na bakwai a gulbin Maradi
yana tofar da ƙasa.

Mantau ya kakkaɓe hannu, ya tambayi sunan mai zanen.
Tsahiru ya faɗa, harshensa na tuntuɓe.
"Ko wane ne, an taɓa kayar da shi haka.
Wanda bai sha ƙasa ba, ba ya lura da ƙafa."

Yau da safe ya aiko jikarsa rumfata:
a yi masa nasa, mara nauyi, saboda kafaɗa.
Na ɗauko katakon da na ɓoye don ƙyauren ɗakina.
Ban san nawa zan ce masa ba.