Ƙarfi da Ƙarfe

Ƙarfe tara na dare a Sheffield,
ruwa na tsiyaya a tagar ɗakin hoto.
Dattijo Alwyn Pickering ya kwance agogo,
ya zare zobe,
ya zuba makullan gida a kwano.
Abin da bai ciru ba
ƙusoshi huɗu ne a ƙashin bayansa,
tsarabar shekara talatin a masana'antar narka ƙarfe.

Muka tura shi bakin babban injin,
mai tesla uku, abin alfaharin asibiti.
Ya kama bugu
kamar maƙerin da ya samu gawayi kyauta.

Hoto ya hau allona.
Inda na sa ran ganin jijiya
baƙin rami na tarar, bakinsa fari fat.
Ƙashin da Allah ya jera
ya lanƙwashe kamar sanda a cikin ruwa.
Kitse ma ya gusa taku biyu,
ya ci iyakar maƙwabci.

Ruwa ba ya tsami banza.
Maganaɗisu ya ji ƙarfe a cikin nama,
filin da ya kwanta sumul
ya koma tudu da kwari.
Shi kuwa injin da murya yake gane gida,
kowane ɗigon ruwa a jiki da tasa.
In murya ta karkace
sai ya rubuta wa mutum adireshin wani.

Zuma ce, ga zaƙi ga harbi.
Ƙarfi ya ninka, gani ya ƙaru,
ƙaryar ma ba a bar ta a baya ba.

Na ce da Bronwen, mu sauka ƙasa,
wurin tsohon nan mai ɗaya da rabi
da ɗalibai ke yi wa kallon kaka.
Minti arba'in.
Hoton ya zo da ɗan dishi-dishi,
amma ramin ya tsuke,
ƙashi ya miƙe,
jijiya ta leƙo: ga inda aka matse ni.

Dattijo na ɗaura agogo ya ce,
"Wannan ƙarami ne, ko?"
Na ce ƙarami ne.
Ya gyaɗa kai.
"Mu ma can, in wuta ta yi yawa,
ƙarfen ne ke murɗewa."

Ya fita cikin ruwa yana ɗingishi.
Sai da na zo kashe fitila
na ga makullansa a kwano,
na ɗauka, na bi shi da gudu.