Kwabon da Ba Huda

A Jakande, layi na uku,
inda ruwan Lekki ke kwana ƙarƙashin katako,
nan rumfar Baba Cindo take,
tsakanin mai sassaƙa da mai tsakiya.
Shekara biyu ina goge masa faranti,
ina jera anini da ɗari da toro,
sisi, sule, fataka,
kuɗin da ko ƙosai sun daina saye
amma masu kwat ke tsugunna musu.

Yakan ce: Yaro, lafiyayye buhu-buhu ne.
Nemo mini mai tabo.

Sai ya ɗora gilashi a idon hagu.
Ga wannan, ƙarfen bugu ya sauka sau biyu,
dubi shekarar, tana in'ina,
kowace tara da inuwarta a gindi.
Ga wannan, ramin ya kauce tsakiya
ya ci ƙafar tauraro.
Ga mai gefe kamar an gatsa,
jinjirin wata ya fita daga jikinsa
tun yana fallen ƙarfe, tun bai san sarki ba.
Wancan kuwa alfadari ne:
fuskar daga wani gida, bayan daga wani,
ma'aikaci mai gyangyaɗi ya haɗa su da asuba.

Shafa nan, in ji shi.
Na shafa. Wani siririn layi kamar jijiya.
In ka ji tudu, hatimin ne ya tsage,
ƙarfe ya bi tsagar ya cika ta.
In ka ji kwari, wuƙar wani ce,
kada ka ba shi ko na ruwa.

Wani saurayi daga Aja ya taɓa kawo sule a tanƙware,
yana rantsuwa haka ya fito daga maƙera.
Baba ya juya shi sau ɗaya.
Gaishe mini da gudumarka, ya ce,
ta bar kumburi a gefe.

Ran wata Laraba, ruwa ya hana ciniki,
Iya Mulikatu ta shigo daga Isale Eko,
zani jiƙe, gwangwanin madara a hammata.
Na mijinta ne, akawun tashar Apapa,
shekara tara ke nan da rufe shi.
Ta zazzage. Kore-kore, wari kamar tsohuwar rijiya.
Ta ware guda da farce:
Wannan ma lalatacce ne, ko huda babu,
ku riƙe, ku ba ni na mota.

Na taka ƙafar Baba a ƙarƙashin tebur.

Bai dube ni ba.
Ya kai shi bakin ƙofa wurin haske,
ya nemi dalma, ko an toshe ramin. Babu.
Ya ɗora a sikeli, ya ɗora ɗan'uwansa mai huda,
allura ta rinjaya da nauyin abin da ba a cire ba.
Ya buga a siminti. Ya yi ƙara mai tsawo.

Iya, zauna, ya ce.
Injin huda ya tsallake wannan,
masu dubawa ma ya wuce su.
Duk gwangwanin nan bai kai rabinsa ba.
Ya faɗi kuɗin. Ta dafa benci.
Ya rubuta mata sunan wani a Marina
wanda zai fi shi biya.

Da ta tafi na kasa haɗiyewa.
Baba, hayar rumfa fa?

Ya ɗaga hannun dama,
ɗan yatsa na shida na lilo gefen ƙarami,
wanda wanzami ya so yankewa, kakarsa ta hana.
Maƙera ke kuskure, yaro, Mai sama ba ya yi.
Ita ba ta san abin da ke hannunta ba. Ni na sani.

Ruwa ya tsagaita.
Ya ce in ɗauko tsumma,
kuma kada in kuskura in wanke ko ɗaya da lemun tsami.