Mabuɗin Hasumiya

Motar farko kan iso Ushguli da hantsi,
taɓo har tagogi.
Kakata Tsiala ta riga ta zauna gindin hasumiya,
mabuɗi a cinya, baƙin ƙarfe mai tsawon taƙi,
gefenta kwalaben gishirin da ta daka da tafarnuwa,
lari biyar kowace.

Ni ke zagayawa da baƙi.
Nakan fara da cocin Lamariya, can kan tudu,
in ce su sunkuya a ƙofa, su rage murya.
Hayaƙin kyandir na shekaru aru-aru
ya cinye rabin fuskokin da ke bango,
idanun ne suka ƙi gogewa.
Bayan cocin ga tsaunin Shkhara.
In ya ga dama ya yaye mayafi,
in bai ga dama ba su ɗauki hoton hazo.

Sai tamu hasumiyar:
hawa huɗu, tsani mai kuka,
warin tsohon ingirici da kashin jemage.
Wani mai jar hula ya haska fitilar wayarsa,
ya ga zane tara a jikin dutse,
ya ce, mutum tara aka kashe daga tagar nan?
Na ba shi abin da na haddace,
gabar dangi, ramuwar jini, jifa daga sama.
Ya rubuta, har da murmushi.

Da muka sauko na ba Kaka labari.
Ba ta yi dariya ba.
Ta ce, da bakin cokali na yi su,
hunturun da tsauni ya zazzago mana ƙanƙara.
Gidaje suka kwanta, ita ta tsaya.
Kwana tara muna ciki,
mu goma sha uku da ɗan maraƙi,
cuku ɗaya, wuta kamar ta aro.
A na uku Piridon ya fita duba shanu.
Sai da ciyawa ta tsiro muka gan shi.

In fassara masa? na ce.
Ta ce, bar shi da yaƙinsa,
tambaye shi ko yana son gishiri.
Ya sayi biyu.

Da yamma motoci suka gangara bin kogin Enguri,
ƙararrawar shanu ta karɓe gari.
Kaka ta jefa mabuɗi aljihu, ta kama hanya.
Na baƙi ne, suna son ɗaga shi a hoto.
Ƙofar kuwa tun wancan hunturu
ba wanda ya kulle ta.