Safar Hannun Sallau

Shekara goma sha ɗaya ina ba shi baya.
Ni ne lamba biyar, shi ne gola.
Ban san yadda fuskarsa take a cikin wasa ba,
muryarsa na sani:
"Shitu, hagunka!" "Shitu, bar mani!"
In ya ce bar mani sai in sunkuya,
ban taɓa waiwayawa in ga ko ya iso ba.

Allon filinmu ba ya ƙirga abin da bai faru ba.
Ƙwallon da ta shiga raga kowa ya san ubanta:
a ɗauki Basiru a kafaɗa har Ƙofar Guga,
a saya mashi tsire,
a rubuta sunansa a bayan keke-napep.
Wadda ba ta shiga ba fa, ina take kwana?
Tana nan a manunin Sallau na dama,
wanda ya karkace tun wasanmu da 'yan Dutsin-ma,
har yau ba ya miƙewa
ko a zaman tahiya.

Mu ƙwallo muke kallo, shi mutane yake karantawa.
Ya san wanda ya shigo fili bai karya ba,
ya san wanda bashi ya hana barci,
ya san mai bugun fanareti
da ke zuba wa kusurwa ido don ya yaudare ta.

Jiya bayan Isha'i aka zauna
a shagon tayar Alhaji Tukur.
Koci Abashe ya buɗe littafinsa.
Ya ce talatin da bakwai ba ashirin ba ce.
Ya ce gwiwa ta fara tsegumi.
Ya ce ga yaron nan Mannir na Rafin Daɗi,
dogo kamar falwaya,
yana tashi sama kamar an harbo shi daga danƙo.
Gaskiya ne, na gan shi.
Na kuma ga ya cinye minti casa'in
bakinsa a rufe kamar asusu.

Alhaji ya ce aljihun kulob ba ya ɗaukar gola biyu.
Wani ya ce a ba Sallau jakar magani ya riƙa bin mu.
Wani ya ce ai yana da teburin gyaran takalmi, ba zai rasa tuwo ba.
Ni da na ci shekara goma sha ɗaya a inuwarsa
ban ce uffan ba.
Shayina ya huce a hannuna.

Yau da sassafe, a hanyar aiki, na ratsa ta filin.
Su biyu na tarar.
Safar nan da ya sha ɗinkewa da zaren takalmi
tana hannun Mannir, ta yi mashi kaɗan.
Sallau na bayan raga, ba gabanta ba,
ya saƙala yatsu a igiya kamar mai leƙen gidan da ya sayar.
"Bar kallon ƙafa, ƙafa maƙaryaciya ce, dubi ƙugu.
Buɗe baki! Kira sunan mutum!
Gola mai shiru zaure ne ba ƙyaure."
Ba wanda ya naɗa shi.
Shawarar ma ba a gama ta ba.

Na ce, "Asabar muna da 'yan Jibiya.
In na ji bar mani da siririyar murya
ban san ko wuyana zai yarda ba."

Ya yi dariya, ya murza gwiwa.
"Ka sunkuya mashi, Shitu, ko zai ɓarar.
Ka manta ranar farko?
Ka sunkuya mani, na ɓarar,
aka ci mu biyu, aka jefe mu da ɓawon rake.
Mako na zagayowa ka sake sunkuyawa."

Na manta, wallahi.
Na ja kekena, na makara.
A bayana na ji yaron yana gwada kiran sunana.