Huɗu, Ba Sifili Ba

A gefen tafkin Saimaa, inda rana
kan leƙo sau ɗaya ta koma ta kwana,
injin takarda na huci ba ya gajiya.
Ni sabon hannu ne, watana uku,
ina bin Tuulikki da jakar kayan aiki.

Ranar farko ta ajiye mini kofi biyu,
ɗaya ƙanƙara ce ta narke rabi,
ɗaya ruwa ne yana tafarfasa.
Ta ce, "Aapo, tsoma shi nan, tsoma shi can.
In bai ce sifili ba, in bai ce ɗari ba,
kada ka yarda da shi ko ya rantse."
Ƙarfe biyu ne aka haɗa musu kai,
zafi ya taɓa su, su yi raɗa cikin waya,
raɗar da kunne ba ya ji, sai allo.

Na ce, "Tanki ba shi da taga,
yaya ake sanin cikinsa?"
Ta ƙwanƙwasa gindinsa da sifana:
"Tambayi na ƙasa.
Wanda aka ɗora wa kaya shi ya san nauyinsa.
Ruwa ya hau, matsi ya ƙaru a gindi,
ma'auni ya ƙirga, mu mu karanta."

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne lantarkin wayar:
daga huɗu yake tashi, ya tsaya a ashirin.
Don me ba daga sifili ba?
Ta kurɓi kofi, ta share baki.
"Tanki in ya bushe, waya ta ce huɗu,
wato ina nan, babu komai ne kawai.
In ta ce sifili, to ta tsinke.
Shirun mai rai daban,
shirun matacce daban."

Wani dare a Janairu,
sanyi ya sauka ashirin da takwas ƙasa da sifili.
Reijo na ɗakin lura, ya miƙe ƙafa kan tebur,
layin tanki na uku a allonsa
miƙaƙƙe kamar an ja shi da rula,
sittin, sittin, sittin, awa uku cur.
Ya ce, "Yau kam lafiya lau."
Tuulikki ta tsura wa layin ido,
ta ɗauki tocila ba ta ce uffan ba.

A kan matakala ta yi magana, iska na kwashe rabi:
"Famfo na turawa, bawul na buɗe...
abu mai rai ba ya natsuwa haka.
Allurar gaskiya takan ɗan yi rawa."

Muka tarar da siririn bututun ya daskare,
wayar da ke ɗumama shi ta ƙone.
Ma'aunin ba ƙarya ya shirya ba,
labarin ƙarfe sha ɗaya yake ta maimaitawa,
ga shi ana neman biyu na dare.
Ta murɗa bawul da hannu har sai da ta yi nishi,
ni na riƙe tiyon tururi, yatsuna sun mutu a safa.
Ƙanƙara ta saki.
Muryar Reijo ta fashe a rediyo:
"Casa'in da shida!"
Saura taƙi ɗaya ya yi ambaliya.

Da asuba na zauna a mota, injin na ɗumi,
na tuna mahaifina a Kuopio.
Tun da mahaifiyata ta rasu,
kowace Lahadi na kira shi,
amsa ɗaya, murya ɗaya:
"Lafiya lau, lafiya lau."
Wata bakwai, ko ɗan rawa babu.

Ban kira ba.
Na kankare gilashi, na sayi burodi mai zafi,
na kama hanyar arewa.