Kaye a Cikin Kaye

Mu shida ne a fadar Bilbis,
bakin shagon Nomau mai gyaran agogo.
Saura kwana uku a buɗe fagen takobi
Arzika ya kakkarya tsinken ashana.
Wanda ya ja dogo shi ke fara zaɓe.
Ni na ja.

Dokarmu gajera ce:
kowa ɗan kokawa huɗu, bi da bi,
kaye maki uku, ci da gargaɗi maki ɗaya,
na ƙarshe shi zai sayi ganye da sukari
har ruwan fari ya sauka a Tawa.

Kayen yana hannuna, mai shuɗin bango.
Shekara talatin na koyar da lissafi a lakkwal,
ban zo fada da ka ba.
Na san nauyin kowa, na san shekarunsa,
na san wanda gwiwarsa ke ƙara in ya durƙusa,
na san wanda ya yi aure da kaka
ya bar tsere a tudun yashi.

Na ɗauki Gatarin Buza, kilo ɗari da goma.
Fada ta yi tsit, Agali ya cije leɓe.
Ranar farko, minti biyu da rabi,
wani yaro ya shiga ƙarƙashinsa
kamar mai neman dala a gindin gado.
Da na ɗaga kai daga kofin shayi
gatari na kwance, yana kallon sama.

Na biyuna ya ci sau biyu, ya gurɗe.
Na uku bai faɗi ba, bai kuma kayar ba,
ya yi ta zagaya fage kamar mai cigiyar akuya
har alƙali ya gaji da shi.
Na huɗu kada mu yi maganarsa.

Agali ya zaɓi nasa don garinsu ɗaya da uwarsa.
Maki goma sha ɗaya.
Arzika ya ce shi tafiya yake dubawa,
in mutum na taka ƙasa kamar yana bin ta bashi, ya isa.
Goma sha huɗu.
Nomau ya bi yawan layu a damtse,
ko shi ya wuce ni da biyu.

Sai Alkasum, mai hura mana gawayi,
wanda ya ja guntun tsinke,
ya samu abin da muka rage a akushi:
wani siriri daga ƙauyen Bagga,
ko kirari makaɗa ba su tanadar masa ba.
Kwana shida yana tsinke manya
kamar mai tsinkar yakuwa.
Bai ɗauki takobi ba, a kusa da ƙarshe ya tsaya,
amma a kayena ya gama da mu tun ranar Laraba.

Jiya da dare, da aka ɗauke kuran,
na haska tocila a shafi na tara.
Ga sunan yaron nan, da fensirina, tun watan bakwai,
ranar da na gan shi a kokawar kasuwa
na rubuta: ƙafarsa ba ta barin ƙasa.
Na goge, don kilo saba'in bai cika mini ido ba.
Gurbin haruffan yana nan,
in ka shafa da yatsa za ka ji shi.

Yau na kai ganye da sukari, jaka biyu da rabi.
Alkasum ya zuba mini na fari, mai ɗaci,
ya ce, Malam, baɗi ka ara mini kayen nan.
Na ce sai na sayi wani magogi.
Nomau bai ɗago daga agogonsa ba,
ya ce, a'a, magogin za mu ɓoye.